Sawu a Ƙarƙashin Kwano

Da safiyar da sarƙar Mai Turare ta ɓata, mu ne baƙi a benen, don haka babu wanda ya sha wahalar neman wanda zai zarga. Hutun biki muka zo wurin Autanmu, wanda ke aikin ofis a babban birni, yana haya a hawa na huɗu. Mota guda muka cika: Inna, da ni, da Yayanmu, da 'yarsa Takwara, sai tarkacen tsaraba. Kafin mu gama kwance kaya kowa ya san da zuwanmu, domin mu ne masu tsayar da mutum a matakala mu tambaye shi iyali, mu ne kuma masu shanya a jikin taga.

Mai Turare tana hawa na uku, daidai ƙarƙashinmu. Sana'arta ke nan, kana wucewa ta ƙofarta hancinka zai gaya maka. A safiyar ta cire sarƙar zinarenta ta ajiye a bakin wurin wanke hannu na falo, sai aka kira ta a waya cewa an kawo mata kaya. Ta sauka ta bar ƙofa a sakaye, ciniki ya riƙe ta a bakin get. Da ta dawo, sarƙa ta ce ɗauke ni inda kika ajiye. Gadon mahaifiyarta ce, ita ta yi niyyar sawa ranar bikin.

Abin da ta tarar a madadinta silifas ne ruwan hoda, an jera su tsaf a bakin ƙofarta, igiyar na hagu an ɗinke ta da baƙin zare. Duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofarmu ya san su. Na Takwara ne.

Sai na faɗi abin da ya kawo mu da gaske, don kallon fitilu da yawon kantuna duk rakiya ce. Takwara ta sami gurbi a makarantar koyon jinya a birnin, kuma an shirya idan mun koma ita za ta zauna wurin Auta. Da ƙyar matarsa ta yarda, bayan an yi ta kai gwauro ana kai mari a waya. Wannan zaman shi ne abin da silifas ɗin suka sa a kan siraɗi.

Mijin Mai Turare ya hau ya same mu, riƙe da su da yatsu biyu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce in sarƙa ta fito kafin yamma, magana ta mutu. In ba ta fito ba, zai kira 'yan sanda, su ne suka iya tambaya.

*

Yana fita matar Auta ta gyara zama.

"Ban so in yi magana ba," in ji ta, irin muryar wadda ta daɗe tana son yi. "Ni ma zobena tun jiya nake nemansa. Na yi shiru ne saboda kunya."

Takwara ta ce tana banɗaki tana wanki tun da gari ya waye. Babu mai shaida. Auta da Yaya sun fita sayen burodi, matar Auta tana ɗakinta, ni kuwa barci nake yi abina, don yawon da aka ja mu jiya ya karya min ƙafa.

"Ko an gani ko ba a gani ba, Goggo," matar Auta ta dube ni, sunan da duk gidan ke kirana da shi ke nan, "ni dai ba zan iya zama da ɗar-ɗar a gidana ba. In za ku koma, ku koma tare."

Inna na zaune a kan kafet da kofin shayinta. Ta haura tamanin, amma bakinta bai tsufa ba. Tun tasowarmu ita ce mai tuna wa unguwa wanda ya haifi wane, da wanda ya ari turmi bai mayar ba. Ranar da muka iso ma, kafin ta zauna sai da ta zagaye kicin ɗin surukarta, ta buɗe kowane gwangwani, ta tambayi inda gishiri yake. Sunanta yarinyar ta ci, shi ya sa ake ce mata Takwara, kuma kullum suna cikin tsiya a kan mayafi da takalmi.

"Mai sunana ba ta sata," in ji Inna. "Rowa dai tana da ita, wannan na yarda."

Babu wanda ya yi dariya. Yaya ya miƙe ya ɗauki silifas ɗin.

Yayanmu mai bin sawu ne. A gida in an kore wa mutum shanu ko an sace akuya, shi ake tasowa. Yakan bi ƙasa da ido har ƙofar da abin ya shiga, in ya sami sawu mai kyau ya kife shi da kwano don kada iska ko ƙafa su ɓata. Magana kuwa sai ka yi kamar za ka biya shi. Jiya da aka kai mu kallon dogayen gine-gine, kowa ya ɗaga kai sama, shi yana ta duban ƙasa har muka dawo.

"Yaya, nan fa tayil ne," in ji Auta. "Ba ya riƙe sawu."

"To," in ji Yaya, ya fita. Na yafa mayafi na bi shi, don na san in an bar shi shi kaɗai, ko gaisuwa ba zai yi wa mutane ba.

*

Maigadi muka fara samu. Auta ya ɗora duk fatansa a kan wanda ya kawo kayan, amma maigadi ya kashe zancen nan take: mutumin ko get bai tsallako ba, a kan babur ɗinsa ya yi cinikinsa ya wuce. Tun safe kuma babu baƙon da ya shiga.

"Daga cikin gida fa, wa ka gani?" Yaya ya tambaya.

"Yarinyarku na gani, ranka ya daɗe. Ba zan ɓoye maka ba."

"Fuskarta ka gani?"

"Mayafinta dai, rawayan nan. Ta ba ni baya. Ta tsaya a gindin matakala tana kallon wajen ajiye motoci, tana magana. Waya take yi, ka san yaran yanzu, abin yana cikin kunne."

"Ta daɗe?"

"Ta ɗan jima. Sai ta koma sama."

"Ta lif?"

"Ta matakala."

Yaya ya yi godiya. Ni dai gabana ya faɗi, don mayafin rawaya na Takwara ne, kuma wayarta ba ta barin kunnenta.

Mai shara muka tarar a hawa na biyu tana matse tsumma. Kafin a ga silifas ita aka fara yi wa kallon banza, don haka a cike take.

"Shekara da shekaru ina goge benen nan ko cokali bai taɓa bin hannuna ba," in ji ta. "Ku da kuka zo jiya, ku je ku tambayi 'yarku. Na gama goge matakala ke nan, ban ko juya ba aka taka min ita. Ƙafa ba takalmi, daga na uku zuwa na huɗu."

"Sawun na nan?"

"In bar shi ya yi min me? Na sake gogewa."

Yaya ya dubi matakalar, tana ƙyalli, babu ko ɗigo. Ban taɓa ganin ya kalli tsabta da baƙin ciki irin na ranar ba. Duk wanda muka tambaya ƙara ɗaure yarinyar yake yi: mayafinta, takalminta, ga kuma ƙafa ta hau zuwa ƙofarmu.

A kan matakalar ya tsaya ya juya silifas ɗin a hasken taga. Ya shafa cikinsu da babban yatsa, ya kai yatsan hanci.

*

Mai Turare ba ta so buɗe mana ba. Idonta ya kumbura, falonta an birkice shi, kujeru a jaye, aljihun tebur duk a buɗe. In ka ɗauke labule da ƙamshi, gidan Auta ne sak: ƙofa iri ɗaya, wurin wanke hannu a kusurwa ɗaya, kicin a hannun dama.

"Ɓarawo ba ya cire takalmi ya jera su a ƙofa," in ji Yaya.

"Yana cirewa mana, in ba ya son a ji motsinsa," in ji mijin. Gaskiyarsa kuwa, Yaya bai musa ba.

Ya roƙi a kashe fitila, a ja labule duka a bar ɗaya. Sannan ya kwanta rub da ciki, dattijo da furfurarsa, ya manna kunci a tayil yana kallon wajen hasken. Mai Turare ta dube ni, na dubi silin. Falon an tattake shi, babu abin karantawa. Ya ja jiki zuwa wurin wanke hannu, daga nan ya miƙe, ba wajen ƙofar fita ba, wajen kicin.

"An shiga nan yau?"

"Me zan shiga yi? Ko ruwan zafi ban dafa ba," in ji ta.

Ya sake kwanciya a bakin kicin ɗin. Ya daɗe. Da ya tashi sai ya ce a ara masa kwano, ya kife shi a ƙasa gaban kantar da gwangwanaye suke, ya ce don Allah kada a taɓa. Ya ce a tara mutane bayan azahar.

Muna fita ya zauna a matakala. Na zauna gefensa.

"Ka gani?"

"Na gani."

"Takwara ce?"

"Man zafi ne a cikin takalmin," in ji shi. "Shi ne kuma a tayil, maiƙonsa ya kama ƙura. Wa ke shafa man zafi a ƙafa kowace safiya?"

Inna ce. Ni nake miƙa mata kwalbar.

"Ƙafar hagu tana ja," ya ci gaba. "Tun damina take ja. Ba waya maigadi ya ji ba. Awakinta Inna ta sauka dubawa, su take yi wa magana."

Awakin nan an sayar da su tun bara. Sai a lokacin abubuwa suka riƙa dawo min ɗaya bayan ɗaya: ranar da ta zuba sukari sau biyu ta ce ni ce, ranar da ta tambaye ni ko Baba ya dawo daga kasuwa, Baban da ya daɗe a ƙasa, sannan ta ce wasa take yi. Na ji tsoro, na kuma ji haushin kaina da na Yaya da na benen gaba ɗaya.

"To ina sarƙar?"

"Ina Inna take ajiye 'yan kunnenki in kin yar da su a bakin randa?"

Na rufe baki da mayafi. Tun muna yara haka take yi. Ta ce babu ɓarawon da zai shiga gida ya tsaya buɗe gishiri.

"Kada ka faɗi sunanta a gaban mutane, Yaya. Matar nan ba ta da abin da take taƙama da shi sai kaifin tunaninta."

"Zan gwada," in ji shi.

*

Falon Mai Turare ya cika. Ga ita da mijinta, ga maigadi da mai shara a tsaye bakin ƙofa, ga maƙwabta biyu da babu wanda ya gayyata. Takwara ta rakuɓe a jikin bango. Mun so Inna ta zauna a sama, ta ce ba za a yi wa mai sunanta shari'a tana kwance ba. Auta ya riƙo hannunta suka sauko.

Yaya bai yi doguwar magana ba. Ya ce sarƙa ba ta bar gidan nan ba. Ya ce Mai Turare ta shiga kicin ta sauko da gwangwanin gishirinta.

Ta kawo shi ta juye a faranti. Sarƙar ta zubo tare da gishirin, ta yi fari fat. Matar ta damƙe ta a ƙirji ta zauna a hannun kujera.

"Alhamdulillahi," in ji Auta da sauri. "Shi ke nan, sai a yafi juna."

"Tsaya tukuna," in ji mijin. "Sarƙa ba ta da ƙafa. Yarinya ta ji motsi, ta tura ta a gishiri don ta dawo ta ɗauka, uban ya ritsa ta a ɗaki ta gaya masa. Sai a zo a yi mana kwance-kwance a ƙasa. Ni na janye maganar 'yan sanda tunda abu ya fito, amma kada a raina mana hankali."

Maƙwabtan suka gyaɗa kai. Matar Auta ma ta gyaɗa, a hankali. Na dubi Takwara. Ba ta yi kuka ba, ubanta kawai take kallo, irin kallon wadda ta fara naɗe kayanta a zuci.

Yaya ya dubi ƙasa, kamar yadda ya saba. Sannan ya shiga kicin ya tsuguna ya ɗaga kwanon.

"Wanda yake so ya zo ya duba ta wajen haske. Ƙafar nan ba ta kai ta 'yata tsawo ba. Babban yatsa ya karkace, diddigen hagu yana ja. Ta yi ɗage a nan don kantar ta fi ta tsawo." Ya ɗan tsaya. "Sawun mahaifiyata ne. Shi na fara koya a duniya."

Inna ta gyara zaman mayafinta.

"Kai dai da son wahala kake," in ji ta. "Da ka tambaye ni ai da na gaya maka. Ni na adana ta." Ta juya wajen matar Auta. "Ke kuma, jiya zobe, yau sarƙa. Ana barin zinare a bakin famfo, ƙofa a buɗe, a gari irin wannan? In ba don ni ba da yanzu wani labarin ake yi."

"Inna," in ji matar Auta, muryarta ta yi ƙasa, "nan ba gidanmu ba ne. Namu yana sama."

Inna ta buɗe baki za ta ba ta amsa, sai ta fasa. Ta dubi labulen. Ta dubi hotunan da ke bango, na mutanen da ba ta sani ba. Ta dubi Mai Turare da sarƙa a hannu, ta dubi Takwara a jikin bango, ta daɗe a kanta. Muna tsaye muna kallo lissafin ya haɗu a fuskarta.

"Ashe ni ce," in ji ta.

Maƙwabtan nan biyu suka tuna suna da aiki. Mai shara ta kawar da kai. Mijin Mai Turare ya fara ba da haƙuri, bai san wa zai ba ba, ya ba Auta. Takwara ce ta taso ta durƙusa ta sa wa Inna silifas ɗin ruwan hoda a ƙafa.

"Na bar miki su, tsohuwa, tunda kin nace."

"Marowaciya," in ji Inna, amma ba ta ɗaga kai ba.

Da muka hau sama matar Auta ta wuce kicin kai tsaye. Muka ji ƙarar gishiri a faranti. Ta fito da zobe a tafin hannu, ta tsaya gaban Takwara, ta ce mata gobe za su je a sayo katifa.

*

Sauran hutun a layin asibiti ya ƙare. Likita ya ce yana son ya riƙa ganin Inna a kai a kai, kuma kada a bar ta ita kaɗai. A gida Yaya kullum yana daji, ni ina gidan mijina. Aka yanke ta zauna wurin Auta, ɗaki ɗaya da Takwara. Matar da ba ta taɓa yin wata guda a wajen ɗakinta ba, ba ta yi gardama ba, kuma wannan rashin gardamar ya fi komai tayar min da hankali.

Tun ranar taron ba ta yi wa Yaya magana ba, shi ma bai matsa ba. Ran da za mu tafi ya durƙusa yi mata sallama. Ta dafa kansa, fuskarta a sake.

"Af, na manta ban tambaye ka ba. An kama ɓarawon sarƙar matar nan kuwa?"

"An ga sarƙar, Inna."

"Madalla. Ai na san ba za ta gagare ka ba."

Mu biyu muka dawo a motar da muka cika da zuwa. Da muka iso Yaya ya buɗe gidan Inna don mu sauke kayanta da ba ta buƙata. Tsakar gida shiru, ganye ya taru. A bakin famfo, inda ruwa ke taruwa, laka ta bushe, kuma a cikinta ga sawu ɗaya na safiyar da muka tafi: gajeriyar ƙafa, babban yatsa a karkace, diddige ya ja.

Yaya ya ajiye jakar da ke hannunsa. Ya shiga ɗakin girki ya fito da kwano, ya kife, ya ɗora dutse a kai. Sannan ya ce in kamo masa ɗaya jakar.